Taku Saba'in

Jama'a, wannan labarin ba a majalisa na tsince shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. Wanda ya yarda shi ke nan, wanda bai yarda ba ma ba zan ga laifinsa ba, don ni kaina da wani ne ya ba ni da sai in ce ya sha wani abu.

A shekarun da mutanen dajin nan suka tarwatsa garuruwan arewacin Adamawa, har Yola da Jimeta suka cika maƙil da 'yan gudun hijira, kowane gida ka shiga sai ka tsallake tabarmar baƙi kafin ka kai randa, a lokacin ina tuƙa keke mai ƙafa uku daga Jambutu zuwa kasuwar Jimeta, in na samu shata in leƙa cikin Yola. A gidan kawuna nake zaune, Kawu Buba, yayan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara huɗu da iyayena suka rasu, matarsa kuwa Dada nake ce mata, don ban san wata uwa ba sai ita.

Kawu maharbi ne, kuma ba irin na bakin majalisa ba. Yana da wata doguwar baushe, irin bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, gado ce daga mahaifinsa, in ya kafa gindinta a ƙasa bakinta har haɓarsa yake kaiwa. An naɗe hancinta da jar fata tun daga tsakiya har baki, da layu a ɗinke a ciki. A gindinta kuma akwai wata igiyar fata mai ƙulli bakwai. Kowane ƙulli taku goma ne, wato bindigar tana cin nama daga taku saba'in, daga nan zuwa sama kuma ɓarnar albarushi ce. Tun ina ƙarami yake sa ni in taka masa fili, yana biye da ni yana ƙirgawa da Fillanci, "go'o, ɗiɗi, tati," a hankali kamar mai jan carbi, in na yi dogon taku ya make min ƙeya ya ce takun maharbi ake so ba na raƙumi ba.

To da aka tara maharba za su tafi arewa su taimaka a kori mutanen nan, Kawu na cikin na farko da suka ba da suna, duk da furfurarsa. Sai kowa ya kai bindigarsa gyara wajen Hamidu Maƙeri a unguwar Gwadabawa. Shi wannan Hamidu, Allah Ya sani har yanzu in na ambaci sunansa ɗaci nake ji a bakina, tsohon abokin Kawu ne, a kwano ɗaya suke cin abinci, kullum da wani tsohon tawul mai ruwan ƙasa a kafaɗarsa yana share zufa. Ni na kai masa bindigar a kekena, ni na je na karɓo bayan kwana uku. Ya miƙo min ita fes, fatar ta sha mai tana ƙyalli, har da ce min, "Ka gaida Buba, ka ce na mayar masa da ita amarya."

Ga inda aka samu matsala. Su Kawu suna da al'ada, in za a fita yaƙi ba farauta ba, ana turara bindiga da magani, daga nan ba a sake harba ta sai a gaban maƙiyi, harbin farko nasa ne. Kuma Kawu kafin ya kai gyara ya riga ya turara tasa. Don haka bai gwada ba. Ya ɗaga ta dai ya ɗan jijjiga, na ga ya yamutsa fuska ya ce kamar ta yi sauƙi a hannu, sai Dada ta ce ai tsatsa aka kankare, shi ma ya yi dariya ya rataya.

Kwana goma sha ɗaya da tafiyarsu, da hantsi, sai ga Hamma Jiji, wani maharbi maƙwabcinmu da suka tafi tare, ya yi sallama a ƙofar gida da bindiga biyu a kafaɗa. Dada na ganin jar fatar nan ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Bayan an share makoki na ja Hamma Jiji gefe na ce ya gaya min yadda aka yi, kar ya ɓoye min komai. Ya ce a bakin wani rafi ne, mata da yara na tsallakewa, sai ga motar mutanen nan da babbar bindiga a bayanta. Kawu ya riga ya taka wurin tun da safe, ya san inda taku saba'in ya faɗa, ya durƙusa bayan wata bishiya ya jira har motar ta shigo daidai wurin, ya saita mai babbar bindigar ya saki. Hamma Jiji ya ce da idonsa ya ga dalmar ta zube a rairayi tun ba ta kai rabin hanya ba, warwatse, kamar an watsa wa kaji tsaba. Kuma Kawu bai gudu ba, bai ma kwanta ba, juyo da bindigar ya yi yana kallon bakinta da mamaki, ya ce, "Jiji, wannan ba tawa ba ce." Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Ranar na ɗauki reza na farke jar fatar. Jama'a, abin da na gani. An yanke hancin bindigar kusan kamu guda, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, aka zura wani siririn fayif na ƙarfe mai faɗin baki a wurin aka liƙe, aka mayar da fata aka ɗinke, tsayi ya koma yadda yake. Da na murɗa shi da hannu sai ya ɓalle ya fita. Na kai wa wani Inyamuri mai sayar da ƙarafa a kasuwa, ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Oga, wannan ba ƙarfen bindiga ba ne, ƙafan kujera ne." Ƙafar kujera. Da ita aka tura Kawu Buba gaban mutanen da ke yanka mutane.

Muka tafi bayan gari ni da Hamma Jiji da falle ɗaya na kwanon rufi, muka jingina shi da surin gara muka gwada. A taku saba'in kwanon ko motsi bai yi ba. A hamsin ƙwaya ɗaya ta ƙwanƙwasa shi ta faɗi. A talatin ta lotsa shi kaɗan. Sai da muka matso taku ashirin sannan ta huda. Hamma Jiji ya ce haka abin yake, ko bindigogin sojoji masu gajeren hanci na cikin gari ne da cikin mota, in fili ya buɗe ƙarfinsu yankewa yake a hanya, balle baushe da aka datse. Na tsaya ina kallon hujin nan ina maimaita ashirin, ashirin, a raina.

Dattawan maharba suka kira Hamidu. Bai musa ba. Ya ce wajen gyara ne bakin ya tsage, ya ji kunyar Buba kuma ya ji tsoron faɗansa, ga bindigogi sun fi ashirin a gabansa ana jira, sai ya rage wurin da ya tsage ya rufe, da niyyar in sun dawo ya ƙera sabo. In sun dawo, ku ji fa. Ya yi kuka, ya share da tawul ɗin nan nasa, dattawa suka ce ƙaddara ce, kwana ya ƙare, a yafe wa juna, aka shafa fatiha. Ni ban ɗaga hannu ba. Da aka tashi na tsaya gabansa na ce, "Baba Hamidu, da ka buɗe baki ka faɗa, da aro zai yi ya tafi da ta wani. Kalma ɗaya ce." Ya ce, "Ɗan Buba, ka yi haƙuri." Na ce haƙuri na nan zuwa, har gida zan kawo masa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce shaiɗan ne ya ruɗe ni ba, da hankalina na yanke shawara. Na ce da bindigar da ya datse da ita zan kashe shi. Kuma abin haushi, shi da kansa ya sauƙaƙa min, don da na cire ƙafar kujerar nan sai ta zama 'yar guntuwa, ta shige ƙarƙashin kujerar baya ta kekena daidai wa daida. Shingen bincike nawa na wuce da ita, fasinja zaune a kanta.

Amma Hamidu ba wawa ba ne, kuma duk Jimeta ba wanda ya kai shi sanin tafiyar wannan bindiga. Ya san taku ashirin nake nema. Wata huɗu muna wannan wasa. In ya hango keken da ya yi kama da nawa a bakin layi sai ya faɗa gidan mutane. A masallaci ya koma sahun gaba bayan liman. Ya sa aka yi wa maƙerarsa katanga. In muka haɗu a kan titi zan ga leɓensa na motsi yana duban ƙasa tsakanina da shi, ƙirga taku yake, in ya ga da saura sai ya tsaya ya kalle ni, in ya ga na matso ya ja da baya. Na rame, na daina cin abinci sosai, Dada ta yi ta min nasiha, "Ka bar shi da Allah, kawunka ya yi shahada, kar ka sa in rasa biyu." Ina ce mata to, in fita in sake duba ɗurin bindigar.

Da damina ta kankama sai ya rufe maƙerar ya ɓace. Na yi ta cigiya a fakaice har wani fasinja ya ce min ai ya koma gonarsa ta shinkafa a Mbamba, can yake wuni. Ranar wata Asabar bayan azahar, rana tsaka fa, ba wani duhu, na ajiye keke a bakin hanya, na naɗe bindigar a buhu na bi kunyar gona.

Na hango shi a tsakiyar fadama, a duƙe yana cire ciyawa, tawul a kafaɗa. Ina tafe ina laɓewa har na zo na tarar da wata magudanar ruwa a gabana, mai faɗi, ruwan na gudu ja wur, bayanta kuma taɓo ne da shinkafa har gwiwa. Mugun ya zaɓi wurinsa da kyau. In na shiga ruwan nan albarushi ya jiƙe, kuma kafin in fita ya yi nisa. Na auna da ido yadda Kawu ya koya min. Saba'in ne cif.

Ya ɗago ya gan ni. Da farko ya zabura, sai na ga leɓen nan na motsi, ya gama lissafinsa, ya miƙe tsaye sosai ya share fuska. Ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan Buba, koma gida. Ba za ta iso ni ba daga nan. Ni na yanke ta, na fi ka saninta."

Wallahi da ya yi shiru wataƙila da na juya. Amma ya faɗi wannan magana da bakinsa, a fili, har da ɗan murmushi. Na ji kaina ya yi zafi kamar an juye min garwashi. Na durƙusa na yar da buhun na ɗaga bindigar, na san ba za ta kai ba, amma na ce ko dalmar ta zube a ruwa ne sai na harba.

Nan ne na ji warin. Hayaƙin maganin nan da Kawu ke turara bindiga da shi, haɗe da goro, dab da kunnena na dama. Sai wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Go'o." Na ji tsulum a cikin magudanar, ruwan ya buɗe kamar an sa ƙafa, ba kowa. "Ɗiɗi." Tsulum. "Tati." Abin ya tsallake ruwan ya shiga shinkafa, ina ganin shukar tana kwanciya tana tashi, taku bayan taku, ba gaggawa, takun maharbi, a miƙe zuwa wajen Hamidu, muryar kuma ba ta bar kunnena ba tana ta ƙirgawa. Ko salati na kasa kamawa.

Shi ma ya gani. Murmushin ya ɓace, ya daina kallona ya koma kallon shinkafar da ke tahowa. Ya so ya gudu, taɓo ya riƙe masa ƙafa, ya yi ta ja yana faɗuwa yana tashi. Na ji ya ce, "Buba, ka ji tsoron Allah, Buba." Ƙirgar ta kai hamsin ta tsaya. Shinkafar ta tsaya cak, saura taku ashirin tsakaninta da shi.

Zan iya ce muku yatsana ne ya zame, ba mai ƙaryata ni. Amma na rantse zan faɗi gaskiya. Ni na ja kunamar bindigar, da gangan, da zuciya ɗaya. Ta ce ƙyas. Ba ƙara, ba hayaƙi, ko tsuntsun da ke kan kunya bai tashi ba. Amma Hamidu ya yi baya kamar an tokare shi da taɓarya a ƙirji, ya faɗi rigingine cikin shinkafarsa, tawul ɗin ya yi gefe.

Ban san yadda na kai Jambutu ba. Na shiga gida na zube gaban Dada na ce na kashe Hamidu. Ta tashi ta ɗauko wani gwangwanin madara a bayan samirunta ta buɗe min. Albarushina ne da dalmata. Ta ce tun jiya Juma'a da na tafi masallaci ta zaƙulo su daga bindigar da ƙugiyar Kawu ta cusa tsumma, shekara talatin tana auren maharbi, ta san yadda ake kwance ɗuri. Na leƙa bindigar, tsumman na nan fari tas.

A asibiti aka ce zuciyarsa ce ta buga. Ba wanda ya neme ni. Amma Hamma Jiji na cikin waɗanda suka yi masa wanka, ya zo ya same ni a tashar keke bayan kwana biyu, ya zauna a kujerar baya bai ce in ja ba, ya ce a ƙirjin mutumin akwai baƙaƙen tabo ƙanana a dunƙule wuri ɗaya, fata ba ta huje ba, amma shi ya san yadda dalma ke zama a jiki in an harba daga kusa. Ya ce, "Ba na son in san komai. Ka rabu da bindigar nan." Washegari na shiga kwalekwale na sake ta a tsakiyar Binuwai. Igiyar ƙullin nan kawai na cire na ajiye, don ita ce abin Kawu da ya rage min.

Na zaci an gama. Wajen wata shida bayan haka, da la'asar, ina sauke fasinja a bakin kasuwar Jimeta, sai na hango mutum a can ƙarshen layin 'yan tumatir a tsaye, jama'a na wucewa ta gefensa ba mai kauce masa, tawul mai ruwan ƙasa a kafaɗa, leɓensa na motsi. Na auna ba da son raina ba. Saba'in. Wata mota ta gitta, babu shi. Haka na riƙa ganinsa jefi-jefi, kullum da rana, kullum a nisan nan, har na fara sabawa.

Sai wata rana na gan shi a kan hanyar Yola ya fi kusa. Na auna, sittin. Na zo gida na buɗe akwati, ƙulli ɗaya ya warware, igiyar ta miƙe a wurin sumul kamar ba a taɓa ɗaure ta ba. Na sake ƙullawa na ja da haƙori, da safe na tarar ya kwance. Ba shi da lokaci, wani sa'in shekara biyu, wani sa'in uku, amma ba ya komawa baya. Ƙona igiyar ma na so yi, Dada kafin ta rasu ta hana ni, ta ce gara in riƙa sanin inda yake.

Yanzu da nake ba ku labarin nan ƙulli uku ya rage. A taku talatin ana ganin mutum sosai. Ina ganin taɓon Mbamba a ƙafafunsa har gwiwa. Kuma a bana ne na lura da abin da ke ƙarƙashin hammatarsa, wanda a da nake ɗauka fartanya ce. Guntuwar bindigar nan ce, da ragowar jar fata a jikinta, ruwa na ɗiga daga bakinta.

Malamai sun ce in yafe masa in yi masa sadaka, wataƙila ya kwanta. Na yi istigfari kan kunamar da na ja, ina yi kullum, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma in buɗe baki in ce na yafe wa Hamidu, na gwada wallahi, harshena ya ƙi. Da na tuna Kawu a durƙushe yana kallon bakin bindigarsa sai in ji da za a mayar da ni bakin magudanar nan da na sake ja.

Shawarata gare ku biyu ce. In mutum ya ba ku aikin da ransa ya rataya a kai, ko birkin mota ne ko igiyar rijiya, kuka ɓata, ku buɗe baki ku faɗa, ya zage ku ya fi. In kuma an cuce ku, ku kai ƙara inda za ku kai, amma kar ku ɗauki kayan mamaci ku je ramuwa da shi, don ba ku san wa zai bi ku ba, ba ku san wa zai biyo ku gida ba.

Ni dai kowace safiya kafin in tayar da keke sai na buɗe akwati na shafa igiyar nan. Yau da safe na uku ya fara sassautawa. Daga shi sai ashirin, kuma ni da shi duk mun san inda bindigar nan take huda kwano.